Babi na Shida: Zuciyar da Ba Ta Kai Ƙara

A layinmu na Hotoro akwai wani dattijo da ke ɗauke da ƙodar ƙanensa a gefen mararsa ta dama. Ya daɗe yana jelen wankin ƙoda, sau biyu a mako, kafin dangi su haɗa ƙarfi a yi masa dashe. Ya warware, ya murmure, ya koma sahun gaba a masallaci. Wata rana bayan la'asar na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar gida, takardar gwaji a hannu, fuska ba walwala.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baba, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau nake ji, ɗana, shi ne ma abin da ya ɗaure mini kai. Ina ci, ina sha, fitsari yana fita. Amma sun ce wata lamba ta hau a jinina, wai sai sun gutsuri ƙodar sun duba. Mai lafiya ake yi wa haka?"

Tambayar nan tasa ita ta sa na rubuta wannan babi. Amsarta kuwa ta fi fitowa sarari a dashen zuciya fiye da na ƙoda, shi ya sa zan ɗauke mai karatu daga Hotoro mu yi nisa kafin mu dawo wurin Baba.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da shaida a bayanta, wasu sunadarai da likitoci ke kira HLA. Kamar dai yadda a da ake duban tsagar fuska a san wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu sintiri, aikinsu duba wannan shaida dare da rana. Duk abin da suka tarar da tsagarsa ba irin ta gida ba ce, sai su taru a kansa. Da haka muke tsira daga cututtuka. Amma su waɗannan dakaru ba su san an tara kuɗi ba, ba su san ƙane ya yi sadaukarwa ba, ba su san likita ya kwana a tsaye yana ɗinki ba. Baƙo suka gani, kuma baƙo a wurinsu abokin gaba ne. Wannan shi ne ƙin dashe. Maganin da mai dashe ke sha har ƙarshen rayuwarsa, aikinsa kwantar da waɗannan dakaru. Idan aka ba da kaɗan, su cinye gaɓar da aka dasa. Idan aka cika hannu, jiki ya zama gida ba ƙofa, kowace cuta ta shigo. Tsakanin waɗannan ramuka biyu ake tafiya, a kan siririyar hanya.

Mutum na farko da aka dasa wa zuciyar ɗan'adam, a rami na biyu ya faɗa. Ranar 3 ga Disamba, 1967, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town a Afirka ta Kudu, Dakta Christiaan Barnard ya cire zuciyar wata matashiya, Denise Darvall, wadda mota ta buge, ya sanya ta a ƙirjin Louis Washkansky. Zuciyar ta buga. Duniya ta ɗauka. Bayan kusan mako biyu sai jikin majinyacin ya rikice, hoton ƙirji ya nuna inuwa a huhu. Likitocinsa sun yi zaton garkuwar jiki ce ta motsa, suka ƙara masa maganin danne ta. Ashe ciwon huhu ne, na ƙwayoyin cuta, wanda yake buƙatar a bar garkuwar ta yi aikinta. Ya rasu ranar 21 ga Disamba, kwana 18 bayan aikin. Da aka buɗe gawar, an tarar zuciyar ba ta lalace ba.

Ba na ganin laifin waɗannan likitoci. Ba su da idon da za su ga cikin zuciyar. A shekarar 1968 an yi dashen zuciya kusan 100 a faɗin duniya, kowane babban asibiti yana son a ce shi ma ya yi, kuma yawancin waɗanda aka yi wa ba su kai shekara ba. Zuwa farkon shekarun 1970 kusan kowa ya ajiye wuƙa. Cikin 'yan ƙalilan da suka dage akwai Dakta Norman Shumway na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana gwada wannan aiki a kan karnuka tun kafin Barnard ya riga shi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin mai dashen zuciya, fuska ba ta da labari. Dalili kuwa a cikin aikin tiyatar yake. Lokacin da ake cire zuciya daga jikin mai bayarwa, ana yanke jijiyoyin saƙo da suka haɗa ta da ƙwaƙwalwa. Likita yana iya ɗinke manyan hanyoyin jini, amma ba ya iya ɗinke waɗannan jijiyoyi. Sabuwar zuciyar tana bugawa da umarnin kanta, tana ma ɗan fin ta kowa sauri ko mutum yana kwance, sai dai ba ta da hanyar aika saƙon ciwo. Ana iya cin ta da yaƙi mai ita yana shan shayi. Kafin ya ji gajiya, ko ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa in ya hau bene, ɓarna ta yi nisa.

Ƙoda ta fi zuciya sa'a ta fuska biyu. Tana da lambar da ke tona mata asiri, wato kiriyatinin, dattin da take tacewa daga jini. In ta gaza, lambar ta hau, kamar yadda ta Baba ta hau. Kuma in ta mutu ɗungurungum, akwai injin wanki da za a koma. Zuciya ba ta da lamba mai gaskiya irin wannan, ba ta kuma da injin da mutum zai riƙa zuwa sau biyu a mako ya dawo gida. A shekarun farko mutanen Shumway suna dogaro da zanen bugun zuciya ne, suna auna tsawon layukan da allura ke zanawa a takarda. In suka ga sun gajarce, sai su yi zaton tsoka ta kumbura. Alama ce mai zuwa a makare, kuma abubuwa da yawa suna iya kawo ta.

Wanda ya buɗe ƙofar wani matashin likitan tiyata ne daga Ireland ta Arewa, Philip Caves, da ya je Stanford a farkon shekarun 1970. Tun a 1962 wasu likitocin Japan biyu, Sakakibara da Konno, sun ƙera wata doguwar waya mai ɗan baki a ƙarshenta, wadda ake zurawa ta hanyar jini a gutsuro tsokar zuciya. Caves ya gajarta ta, ya gyara ta yadda za a shigar da ita ta babbar jijiyar jini ta wuya, wadda take gangarawa kusan kai tsaye zuwa zuciya. Ya gwada a kan karnukan da aka yi wa dashe, sannan a 1972 zuwa 1973 aka fara yi wa mutane. Abin da ya sa gyaran nasa ya yi tasiri shi ne ana iya maimaita aikin, mako bayan mako, ba tare da an sa mutum barci ba. Caves bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1978 yana da shekara 38, amma har yau hanyar da ya shimfiɗa ake bi.

Ga yadda ake yi. Majinyaci ya kwanta rigingine a kan gado mai na'urar ɗaukar hoto a samansa, ya juya kai hagu. A wanke gefen wuyansa na dama, a lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta, a yi masa allurar kashe zafi a wurin kaɗai. Idonsa biyu, yana jin hirar ma'aikata. A huda jijiyar, a sanya wata gajeriyar roba da za ta zama ƙofa. Ta cikinta ake zura wayar, kaurinta bai kai na tsinken tsire ba, bakinta kamar na ɗan ƙaramin hantsaki, hannunta kuma a waje kamar na almakashi. Likita yana kallon allo yana tura ta: ta gangara babbar jijiya, ta shiga ɗakin sama na dama, ta ratsa ƙyauren da ke tsakani, ta faɗa ɗakin ƙasa. A nan sai ya karkata bakin wajen bangon da ya raba dama da hagu, domin shi ne mai kauri. Bangon waje na ɗakin dama siriri ne, ana iya huda shi. Da bakin ya taɓa tsoka, zuciya takan yi wani ɗan tsalle, bugu ɗaya ko biyu da ba a kan ƙa'ida ba, kuma wannan tsalle shi ke shaida wa likita ya iso. Ya buɗe baki, ya matsa, ya rufe, ya fizgo. Masu dashe sukan ce suna jin kamar an ɗan ja wani abu a can ciki, ba zafi.

Abin da ke fitowa bai fi ƙwayar gero ba, milimita 1 zuwa 2, ja-ja. Ana ɗaukar aƙalla 3, galibi 4 ko 5, daga wurare daban-daban. Duka aikin bai cika wuce rabin sa'a ba. A danne wuya, a manna filasta, mutum ya ɗan huta ya tafi gida. A watan farko bayan dashe kusan kowane mako ake yi, daga nan a riƙa tsawaita tazara, ta yadda a cibiyoyi da yawa mutum kan sha wannan huda sau goma ko fiye a shekarar farko, domin a watannin farko ne garkuwar jiki ta fi zafi.

Gutsuro tsoka rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun wani likita da majinyaci ba ya gani, mai zama a ɗakin gwaji da madubin ƙara girma. A wannan fage ma Stanford ta yi dace da mace guda, Dakta Margaret Billingham. A Afirka aka haife ta, a garin Tanga na ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, a 1930, ta yi makaranta a Kenya, ta karanci likitanci a Landan. Ita ce ta zauna da ɗaruruwan waɗannan ƙwayoyin gero, tana kwatanta abin da ta gani da abin da ya faru da masu su daga baya, har ta koya wa duniya karatunsu. Ana yawan tuna Barnard, hotonsa ya cika mujallu. Ni a ganina, duk wanda ya yi shekara goma da zuciyar wani a ƙirjinsa, bashin matar nan a kansa ya fi yawa.

Tsokar tana isa ɗakin gwaji a cikin 'yar kwalba mai ruwan fomalin, wanda ke hana ta ruɓewa. A tsane ruwan jikinta, a daskarar da ita cikin kaki, a ɗora a kan injin yanka da ke fere ta sala-sala, kowane yanki bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. A shimfiɗa a kan gilashi. A wannan hali ba ta da launi, ba a ganin komai, sai an rina ta. Bakano da ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata ba zai yi mamakin wannan mataki ba, domin ɗaya daga cikin rinin biyu da ake amfani da su, mai ba da launin shuɗi, shi ma daga itace ake samo shi, wata bishiya ta yankin Amurka ta Tsakiya. Shi yake kama cibiyar kowace ƙwayar halitta. Ɗayan kuma yana rina naman tsokar ya koma ruwan hoda.

Lafiyayyiyar zuciya a ƙarƙashin madubi tana kama da saƙa, zare-zare ruwan hoda a jere, da ɗigon shuɗi jefi-jefi. Fararen ƙwayoyin jini masu kai hari kuwa kusan duk jikinsu cibiya ne, don haka suna fitowa a matsayin ƙananan ɗigo masu duhun shuɗi, kamar an watsa barkono. Abin da likitan ke tambayar kansa shi ne: nawa ne, a ina suka tsaya, kuma sun fara cin zaren ko suna kewaye ne kawai?

A 1990 ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya ta amince da ma'auni guda, Billingham ce ta jagoranci tsara shi, domin abin da aka kira matsakaici a Landan ya zama shi ne matsakaici a Sidni. An sake masa fasali a 2004, ya koma mataki huɗu. 0R, babu komai. 1R, dakaru sun shigo, suna taruwa a gefen ƙananan hanyoyin jini, ɓarnar tsoka ba ta wuce wuri ɗaya ba; wannan galibi ba a taɓa shi, sa ido kawai ake yi. 2R shi ne inda ake tashi tsaye: wuri biyu ko fiye an ga zaren tsoka yana mutuwa. Nan ake ba da maganin sitiroyid mai ƙarfi, sau da yawa ta jijiya har kwana uku, sannan a sake gutsura bayan mako ɗaya ko biyu a ga ko wutar ta mutu. 3R kuwa gari ya ci, ko'ina shuɗi, da kumburi, wani lokaci da zubar jini, kuma sai an fito da magunguna masu kashe fararen ƙwayoyin kansu.

Akwai wani nau'in ƙin dashen da wannan rini bai cika nunawa ba, wanda ba dakarun ne ke zuwa da kansu ba, makamai suke harbowa cikin jini su manne a bangon ƙananan hanyoyin jinin zuciyar. Shi sai an yi wani rini na musamman da ke neman tabon da harin ya bari, wani sinadari da ake kira C4d. Matan da suka haihu da yawa da mutanen da aka sha ƙara wa jini sun fi fuskantar wannan, domin jikinsu ya riga ya haɗu da shaidar wasu mutane ya haddace ta. Wannan batu ya kamata ya tsaya a ran duk mai tunanin dashe a ƙasar Hausa, inda mace mai haihuwa takwas ba abin mamaki ba ce.

Magunguna sun canza fagen. Saikulosiforin, wanda aka samo daga wata fumfuna a ƙasar da aka ɗebo a tsaunukan Nowe, ya shiga aikin dashen zuciya a Stanford a 1980, Amurka ta amince da shi a 1983, kuma daga nan ne asibitocin da suka gudu suka dawo. Takrolimus, wanda Baba yake sha, daga ƙasar Japan aka samo shi a 1984. Sai dai waɗannan magunguna sun ƙara wa ƙin dashe shiru. Ya rage yawa, amma in ya zo, ba zazzaɓi, ba canji a zanen bugun zuciya. Buƙatar gani da ido sai ta ƙaru. A yau Amurka kaɗai tana dasa zuciya sama da 4,000 a shekara, kuma rabin waɗanda ake yi wa suna wuce shekara goma.

Ba zan ɓoye aibin wannan gwaji ba, domin masu yin sa ma ba sa ɓoyewa. Ƙwayar gero huɗu daga zuciya mai girman dunƙulen hannu, kamar mai sayen hatsi ne a Dawanau da ya soka buhu a wuri huɗu. Yana iya dacewa da tsaba mai kyau alhali ƙwari suna ɗaya gefen. Bakin wayar kuma yana son komawa inda ya saba, sai ya ɗauko tabon gutsurar baya, wanda kan yi kama da ɓarna. Akwai wani tarin fararen ƙwayoyi da kan zauna a fatar cikin zuciya ba tare da cutarwa ba, Billingham ta sa masa sunan majinyacin da ta fara ganinsa a jikinsa, Quilty. In wuƙar yanka ta ratsa shi a karkace, sai ya yi kama da 2R sak. An sha ba ƙwararru gilashi ɗaya su ba da amsa daban-daban, musamman a wannan mataki na tsakiya da magani ya rataya a kansa. Ga kuma haɗarin aikin kansa: huda bangon zuciya, wanda bai kai sau ɗaya cikin ɗari ba amma yana iya kisa, da lahanta ƙyauren da wayar ke ratsawa in an yi ta maimaitawa. Sannan akwai cutar da ke kashe masu dashe bayan shekaru, wato toshewar hanyoyin jinin zuciyar a hankali, wadda ita gutsura ba ta ganinta, sai hoton jijiyoyi.

Shi ya sa aka daɗe ana neman gwajin jini da zai rage huda wuya. An samu biyu da suka shiga aiki. Ɗaya yana duba irin saƙonnin da fararen ƙwayoyin majinyaci ke fitarwa, ko suna cikin shirin yaƙi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2008 da sunan AlloMap. Ɗayan ya fi burge ni. Duk ƙwayar halittar da ta mutu tana zubar da ɓurɓushin DNA ɗinta cikin jini, kuma DNA ɗin zuciyar da aka dasa na mai bayarwa ne. In aka auna jini aka ga kason baƙon DNA ya hau, to ana kashe ƙwayoyin zuciyar. Ƙarfin gwaje-gwajen nan yana wajen cewa babu komai, a bar mutum ya huta. In suka nuna akwai matsala, wuya dai ake komawa, domin gani ya kori ji.

To mu a Kano ina muka tsaya? Daga Hotoro, in ka bi ta Tarauni ka ɓulla Gyaɗi-Gyaɗi, tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda kowa ke kira Asibitin Malam. A can aka fara dashen ƙoda a 2002, shekara biyu bayan asibitin St. Nicholas na Legas ya yi na farko a Nijeriya. Dashen zuciya kuwa ba mu kai gare shi ba, ko da yake masu buƙatarsa suna nan a gadajen asibitocinmu. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka ba da rahoton yawan matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kusan ɗaya cikin ɗari, adadin da ba a cika samun irinsa a duniya ba. A lokacin sun danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun sake bin sawun cutar a zamaninmu, suka jawo hankali ga talauci, rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Da yawa daga matan suna warkewa da magani. Wasu ba sa warkewa, kuma irinsu ne ake sanyawa a jerin masu jiran zuciya a wasu ƙasashe. Ga kuma hawan jini da ba a kula da shi ba, wanda ya cika kowace unguwa.

Zuciya ba kamar ƙoda ba ce da ƙane zai ba yayansa ya koma kasuwa. Galibi sai daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu injin yana riƙe da numfashinsa, kuma sai an dasa ta cikin sa'a huɗu zuwa shida. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi zama a Amman a 1986 ta karɓi mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa, ta kuma halatta dashen gaɓoɓi da sharuɗɗa a Jidda a 1988. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta taɓo batun. Amma daga fatawa da doka zuwa iyalin da za su ce a cire zuciyar ɗansu kafin a kai shi makwanci, akwai tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kallon dashe kamar biki, rana ɗaya a yi a watse. Ana tara kuɗin tiyata a masallaci da rediyo, a kai mutum Indiya ko Masar, a tarye shi a filin jirgin Malam Aminu Kano da murna, kowa ya koma harkarsa. Ba a tara kuɗin shekara ta biyu. Ba a tambayi wa zai auna yawan magani a jininsa ba, wa zai karanta gilashin, cikin kwana nawa sakamako zai fito. Sakamakon gutsurar zuciya da ya ɗauki mako biyu ba shi da amfani. Gobe ake son sa, wani lokaci yau. Duk ranar da Kano ta yi niyyar dasa zuciya, ina roƙon a fara da ɗakin gwaji da mutanen da za su zauna a cikinsa, a horar da su, a biya su abin da zai hana su tafiya Saudiyya, kafin a sayi fitilar ɗakin tiyata. Kuma muna da namu tarkon da littattafan Stanford ba su damu da shi sosai ba. Tarin fuka ya yi yawa a nan, mai shan maganin danne garkuwa kuma ya fi kowa saurin kamuwa. Ɗaya daga manyan magungunan tarin, rifamfisin, yana sa hanta ta ƙone takrolimus da sauri har ya kusa ɓacewa daga jini. Jiƙe-jiƙen da ake ba mara lafiya don ƙauna su ma suna iya taɓa ma'aunin. Ko azumi sai an zauna da likita, tunda maganin kowace sa'a 12 ake shan sa.

Baba ya je an yi masa. Tasa ta fi ta zuciya sauƙi, domin ƙodar dashe a mara take, kusa da fata. Da na'urar hoton ciki aka nemo ta, aka harba wata allura mai ƙara kamar ƙyastu, ta fito da tsoka siririya kamar zaren taliya. Ya kwana ɗaya ana duba fitsarinsa ko da jini. Kafin a yi, likitarsa ta bayyana masa abin da ya sa ba za ta yi zato ba: lambar nan tana iya hawa don jiki yana ƙin ƙodar, sai a ƙara magani, tana iya hawa don maganin ne ya yi yawa yana ƙona ta, ko wata ƙwayar cuta ta samu sarari, sai a rage. Takarda ɗaya, hanya biyu masu saɓa wa juna. Ita ce mararrabar da likitocin Washkansky suka tsaya a kanta a 1967 ba fitila.

Gilashin ya nuna ɗigon shuɗi sun shiga bututun ƙodar. Ƙin dashe ne, amma na farko-farko. Sai a lokacin Baba ya faɗi abin da ya ɓoye wa kowa: wata uku ke nan yana shan maganin sau ɗaya a rana maimakon sau biyu. Kuɗinsa ya ninka, ga 'ya'ya a makaranta, ga kunyar sake miƙa hannu ga mutanen da suka riga suka sayar da fili dominsa. Kuma lafiya lau yake ji.

An yi masa ƙarin ruwa na kwana uku, lambar ta sauko, ko da yake ba ta koma inda take a da ba. Dangi suka sake zama, aka raba kuɗin magani wata-wata a kan mutum biyar. Yanzu ƙanen nasa, mai ƙoda ɗaya, yakan biyo ta layinmu bayan isha'i a kan babur. Ba ya ko kashe injin. Daga bakin ƙofa yake ɗaga murya.

"Yaya, an sha na dare?"

Daga cikin zaure Baba ya amsa, "An sha. Shigo ka ƙirga."